Yadda Ake Gyara Ko Sauya Tankin Ruwan Sha Mai Yoyo A Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Duk wanda ya ga ruwa yana taruwa a kwarin jirginsa, ya kuma lura ruwan shansa yana ƙarewa da wuri, tanki yakan fara ɗora wa laifi, alhali sau da yawa tankin lafiyarsa ƙalau. Saboda haka kafin mutum ya ɗauki zarto ko ya kira mai walda, wajibi ne ya tabbatar da inda ruwan yake fitowa, domin cire tanki daga jirgi aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki.

A fara da ɗanɗana ruwan da ya taru, a ɗan taɓa shi da yatsa a kai baki. Idan da gishiri, na teku ne, kuma matsalar tana wani wuri dabam. Idan babu gishiri, ko dai na tanki ne ko na sama da ya sulalo ta taga. Daga nan sai a rufe duk kawunan famfo, a kunna injin tura ruwa, a zauna a kasa kunne. Injin da yake tashi da kansa jefi-jefi ba tare da an buɗe ruwa ba yana nuna cewa yoyon yana cikin tiyo ko mahaɗin da ke gaba da injin, ba a tanki ba. In kuwa injin ya yi shiru amma ruwa na raguwa, to a koma kan tankin da tiyoyin da ke manne da shi: na cikawa, na shan iska, da na fitar da ruwa, sai kuma robar murfin dubawa da ta ma'aunin ruwa.

Lokacin da yoyon yake bayyana ma shaida ne. Wanda ba ya fitowa sai an cika tanki maƙil, ko sai jirgi ya karkata da iska, yana can sama, galibi a murfi ko a kilif ɗin da ya saki. Wanda ke ɗiga dare da rana har tanki ya ƙare yana ƙasa. Akwai dabara mai sauƙi: a goge ko'ina ya bushe, a shimfiɗa farar takarda ko tsumma a ƙarƙashin kowane mahaɗi da kowace kusurwa, a zuba kalar abinci a cikin tankin, sannan a dawo bayan awa ɗaya. Ɗigo guda mai launin shuɗi a kan farar takarda yakan nuna abin da ido ya kasa gani kwana uku.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai gwajin iska. A juye ruwan, a toshe duk ƙofofin tankin, a hura iska da famfon keke, ba da kwamfuresa ba, kuma kada matsin ya wuce psi 3 a ma'aunin matsin iska, wato kusan 0.2 a ma'aunin bar. Wannan adadi yana da kamar ƙanƙane, amma a kan bango mai faɗi nauyi ne babba, kuma wanda ya zarce shi zai iya kumbura tankin ko ya yage waldarsa. Sai a shafa ruwan sabulu a kan layin walda da mahaɗai, inda kumfa ya tashi nan ne ramin.

Bayan an gano ramin, abin da aka yi tankin da shi ne zai yanke hukunci.

Tankin sitenles yakan ci ne a layin walda, ko a ƙasansa inda ya daɗe zaune a kan jiƙaƙƙen katako ko soso. Dalili shi ne wannan ƙarfe yana buƙatar iska domin ya riƙe siririyar fatar da ke kare shi daga tsatsa, kuma inda ruwa ya kwanta babu iska, fatar takan mutu, ƙananan ramuka kamar na allura su fito. Idan tsaga ɗaya ce a walda, ƙwararren mai waldar agon, wato waldar da ake yi da iskar gas ta argon, zai iya gyara ta, amma sai an fito da tankin, domin walda a cikin jirgin faiba ko na katako neman gobara ne. Idan kuwa aka juya tankin aka ga ƙasansa ya yi zanzana, a haƙura da shi, domin an toshe rami ɗaya yau, gobe na kusa da shi zai buɗe. Haka tankin alminiyam yake, sai dai shi alamarsa farin gari ne da ƙuraje a jikinsa, kuma abin da ya fi cinye shi shi ne sinadarin kulorin da mahaɗan tagulla da aka ɗaura masa kai tsaye.

Tankin roba, wanda akasari da foliyetilin ake yinsa, ba ya tsatsa, amma yakan tsage a gindin mahaɗi idan an matse shi da yawa. Matsalarsa ita ce gam ba ya kama shi yadda ya kamata, don haka duk wanda ya shafa masa silikon ko gam ɗin kasuwa ya ɓata lokacinsa ne. Gyaransa na gaskiya waldar roba ce: a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a kankare ta ta zama kwari, sannan a narkar da sandar roba irin tasa da bindigar iska mai zafi a cike wurin.

Tankin faiba da aka gina haɗe da jikin jirgi shi ne mafi sauƙin gyara, tunda ba ya fita ko'ina. A buɗe murfinsa, a busar da shi sarai, a goge wurin da samfefa, a shimfiɗa ƙyallen faiba da ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ke daskarewa. Sharaɗi guda ne ba a wasa da shi: shafin ƙarshe ya zama wanda aka amince da shi don ruwan sha, irin mai ɗauke da shaidar NSF/ANSI 61 ta Amurka, kuma a bar shi ya bushe iya kwanakin da kamfanin ya rubuta.

Inda aikin yake da wuya shi ne sauyawa. A jirage da yawa an saka tanki ne tun kafin a ɗora rufin jirgin, saboda haka ba zai fita ta ƙofar sauka ciki ba sai an yanka shi gunduwa-gunduwa. A yi yankan da zarton lantarki maimakon garanda, domin tartsatsin garanda yana ƙona faiba, kuma ɓurɓushin da yake watsawa yakan bar tabon tsatsa ko'ina. A kuma tabbata tankin ruwa ne ake yankawa, ba na mai ba. Kafin a yi odar sabo, a haɗa samfurinsa da kwali ko siririn katako, a shigo da shi ta ƙofar da hannu, a zaunar da shi a gurbinsa, a duba ko akwai wurin da tiyo zai lanƙwasa. Ni a ganina ƙananan tankuna biyu, kowanne da makunninsa, sun fi babba guda, ko da za a rasa 'yan litoci, domin idan ɗaya ya lalace a tsakiyar teku ba a rasa ruwan duka ba. Kamfanoni irin su Vetus na Holan da Plastimo na Faransa suna sayar da tankuna shiryayyu, Tek-Tanks na Ingila kuma yana ƙera su bisa awon mai jirgi. Tanki mai girma yana buƙatar shingaye a cikinsa don kada ruwa ya riƙa dukan bango.

Akwai kuma hanyar da ta fi araha, wato a yanke saman tsohon tankin, a cire shingayensa, a goge duk wani kaifi, a shimfiɗa kafet ko roba mai laushi, sannan a saka tankin jaka mai kama da salka a ciki. Yana aiki, amma gogayya ce ajalinsa, kuma wanke cikinsa da wuya.

Wurin zaunar da sabon tanki ne ake yawan maimaita kuskuren da ya kashe tsohon. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 200 kaya ne na kilo 200 da zai nemi tashi duk lokacin da jirgi ya hau igiyar ruwa, dole a ɗaure shi da ɗamara ko a tokare shi ta kowane ɓangare har da sama. Na roba yana son shimfiɗa mai santsi da za ta tallafi ƙasansa gaba ɗaya. Na ƙarfe kuwa a ɗora shi a kan siraran sandunan roba da aka manna masa, ta yadda iska za ta riƙa wucewa ƙarƙashinsa. A sa tiyon da aka yi don ruwan sha, a sa kilif na sitenles, a naɗa farin tef a kan zaren mahaɗi, a ɗaure da hannu sannan a ƙara kaɗan da sifana. Tiyon shan iska ya hau sama ba tare da lotsawa ba, domin idan ruwa ya kwanta a cikinsa, injin zai riƙa tsotse tankin har bangonsa ya shige ciki.

Daga ƙarshe a wanke shi. A zuba bilic marar ƙamshi mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, kimanin mililita ɗaya ga kowace lita, a cika tankin, a buɗe kowane famfo har warin ya fito, a bar shi awa huɗu, sannan a juye a ɗauraye sau biyu ko uku. A tankin ƙarfe, musamman na alminiyam, kada a bari ya kwana. Bayan haka a sake cika shi har bakin tiyon cikawa, a mayar da farar takardar nan ƙarƙashin mahaɗai, kuma kada a mayar da katakon da ke rufe wurin sai an fita da jirgin ya karkata dama da hagu an dawo an tarar da takardar a bushe.