Yadda Za a Gyara Tsarin Musulunci a Wasannin Dabarun Mulki na Tarihi

Duk mai son gyara yadda Musulunci yake fitowa a wasannin kwamfuta na dabarun mulki, irin su Crusader Kings da Europa Universalis na kamfanin Paradox, ya kamata ya fara gane inda gizo ke saƙar. An gina ƙa'idojin irin waɗannan wasanni ne a kan Turai ta tsakiyar zamani, mai Paparoma a sama da limaman coci a ƙarƙashinsa da filayen sarauta na gado, daga baya aka naɗa wa tsarin rawani aka ce na Musulmi ne. Sauya sunaye da tufafi ba zai wadatar ba, sai an taɓa ƙa'idojin kansu.

A fara da halifa, a raba halaccin mulki da ƙarfin takobi. Tun da Buwaihawa, wani gidan sarauta daga Farisa, suka shiga Bagadaza a 945, sannan Saljukawa, wani gidan sarautar Turkawa, a 1055, halifan Abbasiyawa ya kan zama mai naɗi da ba da laƙabi, alhali rundunar tana hannun wani. Saboda haka a ba mai wasa damar neman takardar naɗi daga halifa ko da ya fi shi mayaƙa, kuma takardar ta rage masa tawayen hakimai. Alamar mubaya'a kuwa ta zama abu biyu da tarihi ya sani: ambaton suna a huɗubar Juma'a da buga shi a jikin dinari da dirhami. Idan gwamna ya sa limami ya hau mumbari ya tsallake sunan ubangidansa, wasan ya ƙirga hakan a matsayin shelar ɓallewa tun kafin a ɗaura wa doki sirdi. Kuma kada a taƙaita halifanci ga mutum ɗaya, domin daga 929 an yi halifofi uku a lokaci guda: Abbasiyawa, Faɗimiyawa da Umayyawan Kurɗuba ta Andalus.

Malamai su ne wurin da ya fi cancantar a daɗe ana aiki. Sarki yana naɗa alƙali, amma ba shi ke ba malami daraja ba; darajar tana zuwa ne daga karatu da almajirai da yardar jama'a. A sanya su rukuni mai cin gashin kansa, wanda zai iya ba da fatawar da ta saɓa wa fada ko ya ƙi karɓar muƙami. Jarrabawar da halifa Ma'amun ya ƙaddamar a 833 kan batun halittar Alƙur'ani, wadda Imam Ahmad bin Hanbal ya ƙi miƙa wuya gare ta, ta isa misali: mai wasan da ya tilasta aƙida ya ga martabarsa tana zubewa. Hanyar jawo malamai ita ce waƙafi. Mai wasa ya keɓe kuɗin shigar kasuwa ko gona ga makaranta ko asibiti, kamar yadda waziri Nizamul Mulk ya yi wa makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya sami yabo mai ɗorewa, amma dukiyar ta fita daga hannunsa ke nan, kuma magajin da ya ƙwace ta ya gamu da fushin malamai. Mazhabobi huɗu na Sunna ma kada a ɗauke su addinai masu gaba da juna, tunda birni guda ya kan tara alƙalansu duka, kamar Alƙahira a zamanin Mamlukawa.

Filin da ake ba sarkin yaƙi, wato iƙɗa'i, a asalinsa izinin karɓar haraji ne wanda ake iya janyewa, don haka gadonsa ya zama alamar raunin fada a wasan.

Batun musuluntar da jama'a kuma, a cire maɓallin da ake latsawa lardi ya sauya addini cikin shekara biyar. Sauyin ya ɗauki ƙarnoni a Masar da Farisa, kuma fatake da shehunan ɗariƙu da auratayya da zaman birni ne suka ja shi. Akwai ma tsaka mai wuya da za ta ƙara wa wasa armashi: duk wanda ya musulunta jizyarsa ta faɗi, baitulmali ya ragu. Wasu gwamnonin Umayyawa sun ci gaba da karɓa daga sababbin musulunta har Umar bin Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, ya hana. A bar mai wasa ya zaɓa tsakanin kuɗi da adalci, ya kuma ɗanɗana sakamakon.

Aikin hajji ya shafi siyasa, domin tsaron ayari da hidimar Makka da Madina suna ƙara wa mai mulki girma, kuma tafiyar Mansa Musa ta 1324 ta nuna cewa sarki ya kan bar ƙasarsa tsawon lokaci a hannun wakili. Wajen zane kuwa, kada a siffanta Annabi (SAW), kada kuma a mayar da ayoyin Alƙur'ani ado a kan abin da za a taka ko a ƙona a fagen fama.