Yadda ake kai koke ga Ombudsman, da yadda yake bin kadinsa

Takardarka ta shiga ofishin gwamnati ta kwanta. Yau a ce maka mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil yana sama, jibi a ce ka sake kawo abin da ka riga ka kawo. Ba wanda ya fito ya ce an hana ka, balle ka garzaya kotu. Hukuncin ne ma aka ƙi yankewa. Domin irin wannan halin aka kafa ofishin Ombudsman, wato jami'i mai zaman kansa da yake binciken koken jama'a kan hukumomin gwamnati. Suwidin ce ta fara kafa wannan ofishi a ƙarƙashin majalisarta a 1809, don ya sa ido kan yadda alƙalai da ma'aikatan gwamnati suke bin doka. Daga baya Denmak ta bi sahu a 1955, Niyu Zilan a 1962, Tanzaniya a 1966, Birtaniya a 1967, Najeriya kuma ta kafa hukumar karɓar koke-koken jama'a a 1975. Kowace ƙasa da sunan da take kiransa, amma tsarin aikin kusan ɗaya ne, kuma kyauta ake yi, ba sai da lauya ba.

Ka fara da tantance irin kukanka

Ombudsman ba ya sauya doka, ba ya kuma soke hukuncin kotu. Abin da yake dubawa shi ne yadda aka tafiyar da lamarinka. A 1966, lokacin da majalisar Birtaniya take muhawara kan kafa ofishin, minista Richard Crossman ya lissafa irin laifuffukan da ake nufi: son kai, sakaci, rashin kula, jan ƙafa, rashin iya aiki, yanke hukunci yadda aka ga dama, da makamantansu. Har yau ana amfani da wannan jerin. Idan doka ta ce ba ka cancanci wani tallafi ba, kuma aka faɗa maka haka a kan lokaci tare da dalili, to kukanka da masu yin doka ne. Amma idan an ɓatar da fayil ɗinka, ko an ba ka bayanin da ba daidai ba har ka yi asara, ko an ƙi amsa wasiƙarka, ko an biya abokin aikinka mai matsayi irin naka kai aka tsallake ka, wannan hurumin Ombudsman ne.

Ka kuma tabbata ofishin da za ka je yana da iko kan hukumar da kake kuka da ita. Na Tarayyar Turai, wanda ya fara aiki a 1995, hukumomin tarayyar kaɗai yake bincika, ba ya taɓa ma'aikatun ƙasashe mambobi.

Ka kai kuka wurin hukumar tukuna, a rubuce

Nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe, shi ya sa zan ɗan tsaya a kai. Kusan duk inda ka je, tambayar farko ita ce: ka ba hukumar damar gyara kuskurenta? Zuwa ofis sau goma da ƙafa, da roƙon wani ya "taimaka ya duba", ba su barin alama. Mai bincike ba zai iya aiki da "wani ya ce mini" ba.

Ka rubuta wasiƙa ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, ɗayar kuma ka sa a buga mata hatimin karɓa, mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Wannan ɗan hatimin da ake dannawa a kusurwar takarda, wani lokaci tawadar ma ta dushe, shi ne zai tsaya maka ranar da hukuma ta ce ba ta taɓa ganin kukanka ba. Idan ta imel ka aika, ka adana saƙon da amsar da ta dawo. Idan ta waya aka yi magana, ka rubuta ranar, da muƙamin wanda ka yi magana da shi, da abin da ya ce. Ka kuma riƙe lambar fayil ɗinka.

Kada ka manta akwai wa'adi. A Birtaniya da Najeriya wata 12 ne, a Tarayyar Turai shekara biyu daga ranar da ka san da matsalar. Jiran alkawarin "dawo mako mai zuwa" ya cinye wa mutane da yawa wannan wa'adin.

Rubuta koken

Shafi ɗaya ko biyu sun isa. Ka faɗi ko kai wane ne, da hukumar da abin ya shafa, sannan ka jera abin da ya faru bisa kwanan wata. Ka bayyana cutarwar da ta same ka, ka kuma faɗi abin da kake so a yi: a biya ka haƙƙinka, ko a sake duba takardarka, ko a ba ka haƙuri a rubuce. Ka haɗa da kwafin takardu, na asali su zauna a hannunka.

Na san ɓacin rai yana sa alƙalami ya yi zafi, kuma wanda aka wahalar yana da gaskiyar yin fushi. Sai dai zagi da zargin cin hanci ba tare da hujja ba suna ba hukuma hanyar kauce wa ainihin maganar. Jimla irin "na miƙa takarda ranar kaza, na tuna musu ranar kaza, har yau ba amsa" ta fi shafi uku na tsinuwa nauyi.

Yawanci ana karɓa ta wasiƙa, ko ta intanet, ko a ofis. A Birtaniya akwai wani sharaɗi na daban: yawancin koke-koke kan ma'aikatun gwamnati sai sun bi ta hannun ɗan majalisa.

Abin da ke faruwa bayan ka miƙa

Za a ba koken lamba, a tace shi: yana cikin hurumi, bai wuce wa'adi ba, ba ya gaban kotu? Koke da yawa a nan suke tsayawa, kuma ofishin kirki zai nuna maka ƙofar da ta dace ka ƙwanƙwasa.

Idan ya tsallake, mai bincike yakan fara da hanya mafi sauƙi, wato kira ko gajeriyar wasiƙa zuwa hukumar. Ba abin mamaki ba ne fayil ɗin da ya yi watanni a ƙarƙashin tari ya fito cikin kwanaki, don kawai wani daga waje ya tambaya. Idan hakan bai yi ba, sai a buɗe cikakken bincike. Za a aika wa hukumar zarge-zargen a nemi amsarta cikin wa'adi. Doka a mafi yawan ƙasashe ta ba Ombudsman ikon neman fayil, har da bayanan da ma'aikata suke rubuta wa juna a ciki waɗanda kai ba za ka taɓa gani ba, da ikon kiran jami'ai su yi bayani. A ganina wannan ne babban makaminsa. A cikin fayil ake ganin ranar da takarda ta iso teburin wane, da tsawon lokacin da ta yi a can ba a taɓa ta ba.

Galibi za a kawo maka amsar hukumar ka yi sharhi a kai. Ka karanta ta a natse, ka nuna inda ta saɓa wa takardunka, ka mayar kafin wa'adi. Ka sani kuma mai binciken ba lauyanka ba ne. Yana iya gano cewa hukumar ta yi daidai, kuma wannan rashin ɗaukar ɓangare shi ne yake sa a saurare shi ranar da ya ce ta yi kuskure.

Sakamako, da iyakarsa

Idan an tabbatar da laifi, Ombudsman yana ba da shawarar gyara: a biya, a sake duba hukuncin, a ba da haƙuri, ko a sauya tsarin da ya haifar da matsalar don kada ta faɗa wa wani. A Tarayyar Turai ana ba hukuma wata uku ta mayar da martani, idan ta ƙi yana iya kai rahoto na musamman gaban majalisa.

Shawara ce, ba umarni ba, kuma wannan yana da ciwo. A watan Maris na 2024 Ombudsman na majalisar Birtaniya ya gano cewa ma'aikatar fansho ta yi jinkirin sanar da matan da aka haifa a shekarun 1950 cewa an ƙara shekarun fara karɓar fansho, ya ba da shawarar a biya kowacce diyyar fam 1,000 zuwa 2,950. A Disamba na shekarar gwamnati ta amsa laifin, ta ba da haƙuri, amma ta ƙi biya. A Afirka ta Kudu kuwa labarin ya sha bamban. Thuli Madonsela, wadda take riƙe da ofishin Ombudsman na ƙasar a lokacin, ta fitar da rahoto a 2014 kan kuɗin gwamnati da aka kashe a gidan Shugaba Jacob Zuma na Nkandla, a 2016 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa matakan da ofishinta ya tsara dole ne a bi su, sai dai idan kotu ta soke su. Zuma ya mayar da rand miliyan 7.8. Don haka ka bincika dokar ƙasarka ka san nauyin da shawarar take da shi.

Idan an rufe kokenka ba ka gamsu ba, ka nemi dalili a rubuce, ka tambaya ko akwai hanyar sake dubawa, musamman idan ka sami sabuwar hujja. Idan kuma lamarin yana iya kaiwa kotu, ka tuntuɓi lauya tun da wuri, domin kai koke ga Ombudsman yawanci ba ya tsayar da wa'adin shigar da ƙara, yana ci gaba da ƙirguwa yayin da kake jiran sakamakon bincike.