Motar farko a Amurka: magana daga Damagaram zuwa ga ƙannena sababbin zuwa

Kwana uku da isowata gida hutu na je Birni gaida gwaggona. Ban gama zama a tabarma ba ta miƙo mini waya, ta ce, "Ɗan nan, duba mini abin da ƙanenka ya aiko." Hoton wata baƙar jif ce tana sheƙi, yaron ya jingina da ita yana murmushi. Watansa biyar ke nan a Girinsboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, yana aikin dare a wani siton kaya. Ya gaya mata an yarda a ba shi motar bashi, dala 400 kawai a wata. Ta ce, "Ni dai gabana yana faɗuwa. Kai ka san can, ka faɗa mini gaskiya."

Da dare a fadarmu ta Zango, kafin a sauke shayi na biyu, na gane kusan kowa yana da ƙane ko ɗa a irin wannan hali. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Ba na musun cewa kana bukatar mota. A nan kabu-kabu zai ɗauke ka daga Kasuwar Dole ya kai ka ƙofar gidanku da 'yan canji. A can kuwa, in ka fita daga manyan birane irin Niyok, ba ko'ina bas take zuwa ba, kuma mai tashi aiki ƙarfe huɗu na asuba ba ya jiran bas. Rashin mota rashin aiki ne. Amma idan mai sayarwa ya ce maka "400 kawai", tambaye shi wata nawa. In ya ce 72, to dala 28,800 ke nan, shekara shida kana biya, ba a sa asirans ba, ba a sa esansi ba. Motar farko jakin aiki ce. Abin da kake nema shi ne ƙaramar mota mai ƙofa huɗu da but a baya, wadda ba ta shan mai, wadda kowane bakanike ya san cikinta.

Irin waɗannan motoci sun yi ta ɓacewa daga kasuwar sababbi, domin kamfanoni sun fi samun riba a kan manya. Toyota ta daina sayar da Yaris a Amurka bayan 2020, Hyundai Accent ta bi baya bayan 2022, Kia Rio bayan 2023, Mitsubishi Mirage bayan 2024. Nissan Versa ce ta fi daɗewa, kuma ta 2025 tana farawa ne ƙasa da dala 20,000, a lokacin da matsakaicin kuɗin sabuwar mota ya doshi 50,000. Ko hakan ma, 20,000 ta haura miliyan 10 na sefa. Don haka sabon zuwa ya fi dacewa ya nemi wadda aka hau, mai 'yan shekaru a jiki.

Versa injinta lita 1.6 ne, kuma lita ɗaya ta esansi tana kai ta wajen kilomita 15. Tana da fili a kujerar baya fiye da yadda ake zato. Abin lura a jikinta shi ne giyarta ta otomatik, wadda ake kira CVT. Ta tsofaffin ta sha ba mutane wahala, kuma gyaranta yakan kusa cinye kuɗin motar. In kana tuƙin gwaji ka ji tana fizga ko tana kuka kafin ta ɗauki gudu, ka mayar da makulli. Mirage silinda uku gare ta, ta fi kowacce tsimin mai, amma shiga babbar hanya da ita tsakanin manyan tireloli yana bukatar haƙuri. Ni in na sami Yaris mai but ta 2017 zuwa 2020 da takardu masu kyau, ita zan ɗauka. Kamfanin Mazda ne ya ƙera ta a Meziko, giyarta kuma otomatik ce ta gargajiya mai hawa shida, ba CVT ba. Rio da Accent ba su da laifi, sai dai da yawa daga cikin masu makullin murɗawa na 2011 zuwa 2021 ba su da na'urar hana sata, ɓarayi sun gano haka, har wasu masu asirans suka riƙa ƙin karɓarsu a wasu birane.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi kayar da mutanenmu. A gida asirans takarda ce da ake nuna wa jandarma a hanyar Matamaye. A can kuɗi ne mai nauyi da ke fita kowane wata, kuma shekarun da ka yi kana tuƙi tsakanin Damagaram da Maraɗi galibi ba a lissafa maka su. Sabon direba kake a wurinsu. A Karolina ta Arewa ma sai ka nuna shaidar asirans kafin a ba ka permi. In kuma motar ta bashi ce, mai bashin zai tilasta maka asirans mai cikakken rufi, wanda ya fi tsada sosai. Saboda haka kafin ka ba da ko dala ɗaya, ɗauki lambar jikin motar, mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka kira masu asirans biyu ko uku su faɗa maka farashi.

Da wannan lambar dai za ka ga tarihin motar a wani shafin intanet mai suna Carfax: hatsari, ambaliya, hannu nawa ta bi. Takardar mallaka, wadda suke kira taitil, ita ce kamar kart giriz ɗinmu. Sunan da ke kanta ya zama na wanda ke tsaye gabanka. In an buga mata "salbej", ma'ana masu asirans sun taɓa yanke cewa gyaranta bai cancanta ba, ka bar ta komai arharta.

Ni wannan darasin da aljihuna na biya shi. A shekarata ta farko na sayi mota a wani ƙaramin fili na masu cewa "saya nan, biya nan", don ba su tambayi tarihin bashina ba, wanda dama ba ni da shi. Ban kai ta wurin bakanike ba, na yarda da hasken fenti. Wata na uku giya ta mutu. Na koma, mutumin ya nuna mini takardar da ke manne a gilashi ranar da na saya, inda aka rubuta an sayar da ita yadda take, babu garanti. Na ci gaba da biyan motar da ke ajiye, ina roƙon abokan aiki su rage mini hanya cikin sanyin Janairu, kuma wata huɗu ban aiko wa mahaifiyata komai ba. Har yau wannan yana mini ciwo. A can in ka sa hannu ka fita da mota, galibi dokar ba ta ba ka kwanakin canza ra'ayi ba. Kuma bakanike da awa yake caji, ba kamar na garejin unguwa da za ka ce masa "sai na dawo" ba. Ka biya wani bakanike daban ya ɗaga motar ya duba ƙarƙashinta, musamman tsatsa in daga jihohin ƙanƙara ta fito, inda ake zuba gishiri a titi. Mai motar da ya ƙi yarda a duba, ya riga ya ba ka amsa.

Batun kuɗin ruwa kuwa ba sai na tuna wa ɗan Damagaram hukuncinsa ba. Sabon zuwa shi ake ɗora wa ruwa mafi yawa. Adashin da iyayenmu mata ke yi a nan, 'yan'uwa suna yin sa a can. Ka shiga, ka nemi kwasar farko ko ta biyu, ka saya da kuɗi a hannu. Ka ware na harajin kashi 3 cikin ɗari da jihar Karolina ta Arewa ke karɓa lokacin canza suna, da na lamba, da na bidanj ɗin farko.

Na koma wurin gwaggo da la'asar, muka kira shi tare. Ya yi shiru da na sa shi ya ninka 400 sau 72 da bakinsa. Bai sa hannu ba tukuna, alhamdu lillahi. Mun tsaya a kan cewa ranar Asabar wani yayanmu da ya daɗe a garin zai raka shi su duba wata Versa da wata Yaris, ya aiko mini lambar jikin kowacce kafin su tashi. Gwaggo ta karɓi wayar ta ce, "Ka ji abin da yayanka ya faɗa. Allah ya yi maka albarka."