Yadda Ake Ciro Guntun Bidiyo Daga Faifai Domin Gabatar da Jawabi

Da farko a nemi izinin mai faifan, sannan a goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, domin ƙurar hunturun Jos kan sa hoto ya riƙa tsayawa. A saka shi a kwamfuta, a buɗe da manhajar VLC, a shiga View a zaɓi Advanced Controls, sai jan maɓallin ɗaukar bidiyo ya bayyana a ƙasa. A danna shi daƙiƙa 2 kafin wurin da ake so, don kada farkon magana ya yanke, a sake dannawa a ƙarshe. Guntun zai shiga foldar Videos. A mayar da shi nau'in bidiyo na MP4 da manhajar HandBrake, domin MP4 ne manhajar gabatar da jawabi ta PowerPoint ta fi karɓa. Lallai a gwada shi da majigin zauren kafin mahalarta su zauna.