Yadda nake ɗaukar hoton Elmina da almuru

Na daɗe ina tasowa daga Kumasi zuwa Elmina saboda hoto ɗaya: garin masunta a daidai lokacin da rana ta faɗi, fitilu suka fara kamawa, sama kuwa da sauran shuɗinta. Wanda ya bari sai an kira Magariba sannan ya fara neman wurin tsayawa, ya makara. A wannan gaɓa ta Ghana rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma almurun gajere ne. Minti 20 zuwa 25 ke hannunka, masu daɗin cikinsu ba su wuce 10 ba.

In da hali ka zo ranar Talata. Masuntan Fanti ba sa shiga teku a ranar, don haka kwale-kwalensu kan cika bakin ruwan Benya, tafkin garin da ke haɗe da teku, maƙil, kowanne da fentinsa da tutocinsa.

Tun bayan La'asar nake hawa tudun Sent Jago da alwalata. Daga nan ne mutanen Holan suka yi wa ganuwar Elmina ruwan wuta a 1637 har suka ƙwace ta daga Turawan Fotugal, waɗanda suka gina ta a 1482. Abin da ya ba su sa'a shi zai ba ka: komai na ƙarƙashinka, ganuwar, gada, kwale-kwale, rufin kwano, da teku a baya. Kar ka sa farin ginin a tsakiyar hoto kamar kayan ado. Bayi aka tsare a ɗakunansa na ƙasa kafin a tsallaka da su teku. Ni gefe nake ajiye shi, in bar wa garin da ke raye sauran fili.

Ka kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, ka daidaita layin teku kada ya karkace, ka kashe filasha. Ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, buɗin gilashi a f/8, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta tace ba. Rana na nutsewa sai in yi sallata a nan gefe. Kafin in sallame jan shafaƙi ya fara sanyi, shuɗin da nake jira yana shigowa.

Yanzu ido ya koma kan fitilu. Akwai ɗan lokacin da hasken sama da na ƙwan lantarki suke zuwa daidai wa daida: farin bangon ganuwar ya yi shuɗi-shuɗi, fitilun gada su zuba ruwan ɗorawa a kan ruwa, hayaƙin masu bandar kifi ya kwanta bisa rufin gidaje kamar mayafi. Nan ne wurin. Ka fara da barin kyamara a buɗe daƙiƙa 2, kana ƙarawa zuwa 8 ko 10 yayin da duhu ke shiga. Ka sa kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna, don ko taɓawar yatsa tana girgiza hoto. Ka auna haske daga sararin sama. In ka auna daga inuwar gari, fitilun za su ƙone su zama farin tabo.

Kwale-kwale ba ya zama wuri ɗaya, ruwa na jijjiga shi. In ka bar kyamara a buɗe daƙiƙa 8, tutocin za su dame. Wani lokaci haka nake so. In kuwa rubutun jikinsu kake son a karanta, ka ɗaga ISO zuwa 1600, ka buɗe gilashin sosai, ka ɗauka da sauri.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba: jingina ta a kan bango, kunna tsarin dare, taɓa sama a allon ka ɗan rage haske, kada ka zuƙo hoton.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, hazo kan haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba, launi ya dushe. Na fi son yammacin da aka ɗauke ruwan sama.

In ka sauko kasuwar kifi, ka gaida iyayen nan mata, ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Wadda ta ƙi, ka wuce. Iskar teku kuma gishiri gare ta. Ka riƙe ƙyalle mai laushi a aljihu kana goge gilashin, in ka koma masauki ka goge jikin kyamarar da ƙafafun mariƙin kafin ka kwanta.