Kafin ka karɓi kuɗin mai zuba jari

'Yan'uwa masu tada sabon kamfani a Birnin Kebbi, kuɗin masu zuba jari ba bashi ba ne. Wani yanki na kamfaninka kake sayarwa. Wanda ya ba ka naira miliyan 10 ya karɓi kashi 20 cikin ɗari, ya yi wa kamfanin kuɗi miliyan 50 ke nan, har da nasa a ciki. Yi lissafin nan kafin ka ce ka sallama.

Kuma rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ba ta ba ka hannun jarin sayarwa, sai ka yi ta cikakken kamfani. Ni sai da na zauna gaban mai kuɗi da manhajata ta dillancin shinkafar Argungu na gane haka, kunya kamar in nutse. Littafin cinikin wata-wata ma ya tambaya, ban je da shi ba.