Layin waya da wasiƙu: kurakuran da sababbin ɗalibanmu ke maimaitawa a Birtaniya

Duk watan Satumba da Janairu sababbin ɗalibai ke sauka a Heathrow da Manchester, kuma kafin zangon farko ya ƙare sai an fara kirana da koke-koken da na riga na haddace: kod ɗin banki ya daina shigowa, kamfanin waya na bin mutum bashi, an aiko da sammacin kotu. Na gaji da maimaita amsa ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na rubuta ta a wuri guda. Ƙannena, ku karanta tun kuna gida.

Babban kuskuren shi ne barin layin gida ya mutu. Yaro zai sauka, ya sayi layin Birtaniya, ya cire na Najeriya ya cusa a aljihun akwati, ya manta da shi. Alhali lambar nan ce ke ɗaure da BVN ɗinsa, da NIN, da asusun banki, da imel, da WhatsApp. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi masa amfanin da ke ciro kuɗi ba ana iya rufe shi, idan kuma ya ƙara wasu watanni 6 a haka ana iya sayar wa wani da lambar. Ni wannan ya same ni a lokacin biyan kashi na biyu na kuɗin makaranta. Mahaifina ya sayar da abin da ya sayar, ya zuba kuɗin a asusuna, na zo turawa, kod ya ƙi shigowa. Na sa a kira lambar daga Kano, wata baiwar Allah ta ɗauka ta ce layinta ne, sabo ta saye shi. Bankin ya ce sai na zo da kaina. Makaranta kuwa tana aiko da gargaɗin rufe mini shafin karatu. Sai da na bi 'yan'uwa ɗalibai ina rance, mutanen da su ma da ƙyar suke biyan haya. Har yau idan na ga sabon zuwa ya jefar da layinsa raina ɓaci yake yi, domin abin da zai kare shi bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Kafin ka baro gida, je ofishin kamfanin layinka ka tabbatar an buɗe maka romin, wato damar amfani da layin a ƙasar waje, kuma layin da sunanka da NIN ɗinka yake, ba na yayanka ba. Idan ka iso, sa shi a ƙaramar waya mai tocila ko a gurbin sim na biyu, ka kashe masa data gaba ɗaya don kada romin ya cinye kuɗin. Farkon kowane wata ina saya masa kati kaɗan ta manhajar banki, in tura saƙon tes guda zuwa gida. Wasu kamfanonin suna da tsarin biyan kuɗi a ajiye maka lamba na shekara, ka tambaya. Ɗalibai da yawa suna barin layin a hannun ƙani a gida ya riƙa karanto musu kod. Ni ban yarda da wannan ba. Wayarsa za ta iya ɓata, kuma ranar da kake buƙatarsa da tsakar dare yana barci. 'Yan Nijar ma ku tambayi kamfaninku wa'adinsa kafin ku taso.

Kusa da wannan akwai asusun UKVI, wato hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya. Tun da katin izinin zama na BRP ya daina aiki a ƙarshen 2024, izinin zamanka yana intanet ne, kuma ba ka shiga sai da kod da ake turawa waya ko imel. Idan ejan ne ya cika maka takardun biza, duba ko lambarsa da imel ɗinsa ya sa. Canza su zuwa naka a makon farko.

Na biyu shi ne kwantiragin waya. Shago zai nuna maka sabuwar iPhone, a ce fam kaza a wata, ka sa hannu na wata 24, alhali digirinka na biyu shekara ɗaya ne. Wannan bashi ne, ku daina kiransa da wani suna. Mafi muni shi ne wanda zai karɓar wa aboki waya da sunansa saboda shi abokin an ƙi ba shi. Haba ɗan'uwa! Kamfanin da ya ƙi shi yana da dalili. Wata uku ya biya, na huɗu ya koma wani gari ya daina ɗaukar kiranka, kai kuma sunanka ne a takarda, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan aka rubuta ka a matsayin wanda ya kasa biya, tabon yana zama shekara 6 a kundin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi irin su Experian da Equifax, ya bi ka wurin neman haya da neman rance. Barin ƙasar ma bai goge shi ba, kuma a addinance haƙƙin yana wuyanka. Ni dai tun da na zo wayata nake saye da kuɗi hannu, in ɗauki layi na wata-wata irin na giffgaff ko Lebara ko SMARTY, abin da bai wuce fam 10 ko kusa da haka ba, in bar shi ranar da na so. Idan ka riga ka sa hannu ta intanet ko ta waya, kana da kwana 14 na fasawa. Idan za ka canza kamfani kana son lambarka, tura kalmar PAC zuwa 65075, ka ba sabon kamfanin kod ɗin da za su turo.

Sai wasiƙa, inda zan ɗan ɗaga murya. Mun taso a inda adireshi shi ne bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure, duk wani abu mai muhimmanci kuma kira ake yi. A nan ambulan mai ruwan ƙasa da aka zuro ta ƙofa ita ce muryar hukuma. Na shiga gidajen ɗalibai na ga wasiƙu jibge a bayan ƙofa ana taka su da takalmi. Me ya hana ku buɗewa? A ciki akwai ranar ganin likita da aka daɗe ana jira, akwai katin banki, lambar sirrinsa kuma a wata ambulan daban, akwai takardar harajin kansil, wato ƙaramar hukumar yankinka. Ɗalibin cikakken lokaci ba ya biyan wannan haraji, amma kansil ba ta san kai ɗalibi ba ne sai ka aika mata shaida daga jami'arka. Ka yi shiru, tunatarwa ta zo, sammacin kotun majistare ya biyo baya da ƙarin kuɗi, duk a kan abin da ba a binka. Idan za ka tashi daga gida, sanar da jami'a da banki da asibitin unguwa da UKVI, ka kuma biya Royal Mail, wato gidan wayar Birtaniya, su riƙa juya maka wasiƙu zuwa sabon adireshi na wata 3, 6 ko 12. Wasiƙar tsohon ɗan haya kuma kada ka buɗe. Rubuta a bayanta cewa ba ya nan, ka jefa a jan akwatin gidan waya.

Sauran ƙanana ne. Idan za ka ba Hajiya lambarka, sa +44 ka cire sifilin farko. Tabbatar wayar da ka taho da ita ba a kulle take da wani kamfani ba. Kada ka ɗauka mintunan ƙetare da ake talla sun haɗa da Najeriya ko Nijar, duba jerin ƙasashen. Lambobin 084 da 087 da 09 suna da caji na daban, 0800 kuwa kyauta ce. Gaggawa 999, rashin lafiyar da ba ta kai haka ba 111. Adireshi ba lambar yanki, wato postcode, bai cika ba. Fasfo da takardun shaida na asali ba a aika su da kan sarki na yau da kullum, sai ta Special Delivery, wato aike na musamman da ake sa hannu kafin a karɓa. Jan katin da ma'aikacin gidan waya ya bari yana nufin kayanka na ajiye kwana 18 kafin a mayar.

Tes da ke cewa kayanka sun maƙale, danna nan ka biya fam ɗaya da wani abu, na 'yan damfara ne. Tura shi zuwa 7726 ka goge. Haka wanda zai kira ya ce daga Home Office yake, wato ma'aikatar cikin gida, ka biya tara yanzu ko a kore ka. Kashe wayar, ka je ofishin ɗaliban ƙetare na jami'arka.

Ku kuma roƙi iyaye su daina aiko kilishi da dambun nama da man shanu. Nama da kayan madara daga ƙasashenmu haramun ne shigo da su, ta gidan waya ko a akwati, kwastan ƙwacewa suke yi. Kyautar da ta haura fam 39 kuma sai an biya mata haraji kafin a sake ta. Idan wani ya ba ka saƙo ka kai wa ɗansa, buɗe shi a gabansa komai girmansa a wurinka, domin maganin da ake samu a kemis a gida irin tramadol yana cikin ƙwayoyin da doka ta tsaurara a Birtaniya tun 2014, kuma wanda aka samu da shi a jaka shi zai amsa tambaya.